Hattara da masu tallan tausar karnuka a WhatsApp

Masu kiwon karnukan gadi, musamman German Shepherd da Rottweiler, a buɗe ido. Akwai wasu da ke yawo a Facebook da WhatsApp da sunan ƙwararrun masu tausar karnuka, wai cikin sati biyu za su raba karenka da amosanin gaɓɓai. Bidiyon tallan kusan iri ɗaya ne: kare yana jan ƙafar baya, sai a yanke, a nuno shi yana tsalle a kan ciyawa. Duba gidajen da ke bayansa da kyau, ba ginin ƙasar nan ba ne. Da ka tura kafin alƙalami, wasunsu ka daina jin ɗuriyarsu ke nan.

Waɗanda ke zuwa gidan ma sun fi zama bala'i. Suna tafe da wata 'yar kwalba ba suna, ba lambar NAFDAC, mai warin man zafi, su murtsuke ƙugun kare da shi, sannan su bar maka ƙwayoyi a ƙullin leda. Tambaye su mene ne a ciki, sai ka ji wai sirrin sana'a ne. To kare lasar jikinsa yake yi. In akwai diclofenac ko ibuprofen a haɗin, magungunan ciwon jiki na mutane, suna jawo wa kare gyambon ciki, su kuma lalata ƙoda. In ka ga amai, ƙin cin abinci, ko kashi baƙi kamar kwalta, ka garzaya asibitin dabbobi da kwalbar a hannu.

Ita tausa ba laifi ba ce. Tana sassauta naman da ya sandare, kare ya ɗan ji daɗin tashi da safe. Amma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da murza, kuma ba a danna gaɓar da ta kumbura ta yi zafi. Ba ma kowane ɗingishi ne amosani ba, cutar da kaska ke yaɗawa tana kawo shi, ita kuwa gwajin jini take buƙata.

Likitan dabbobi ne zai yi hoton ƙashi, ya rubuta maganin rage ciwo da kumburi irin su meloxicam daidai nauyin karen, ya ce a rage masa ƙiba. Duk wanda ya ce maka shi likita ne, nemi lambar rajistarsa ta Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, kafin ka buɗe masa ƙofa.