Yaya, daga Hamburg ga bayanin wayar da ka tambaya

Yaya, barka da warhaka. Ina fata Inna da yara duk suna lafiya.

Ka tambaye ni farashin waya a nan Jamus. Gaskiya in ka juya Yuro zuwa Naira, sabuwa ba ta da wata arahar kirki. Inda suka fi mu shi ne garantin shekara 2 da doka ta ɗora wa mai shago. Layi kuwa tun 2017 ba a ba ka sai da fasfo ko katin shaida, kamar dai batun NIN a gida.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. Wata dattijuwa da muke aiki tare, wadda ta tashi a Jamus ta Gabas, ta karɓi wayata lokacin hutun rana ta buɗe wani wuri a manhajar taswira da ake kira tarihin wurare. Sai ga rayuwata a shimfiɗe: tashar da nake hawa jirgi ƙarfe 5:40 na asuba, masallacin da nake Juma'a a unguwar St. Georg, har asibitin da na je ban gaya wa kowa ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ta ce a zamanin Stasi, wato 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas, sai an sa maƙwabcinka ya zura maka ido kafin a san rabin wannan.

Mutanen nan ba sa wasa da sirrinsu. Wani ɗan siyasarsu, Malte Spitz, ya kai kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom ƙara don a ba shi bayanan layinsa, ya tarar cikin wata 6 an rubuta inda yake fiye da sau 35,000. A 2011 jaridar Die Zeit ta mai da su taswira kowa ya gani. Tun watan Mayun 2018 kuma akwai dokar Tarayyar Turai da ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, ka kuma nemi ya goge. Da ita Faransa ta ci Google tarar Yuro miliyan 50 a 2019. Akwai gajiyarwa, don kusan kowane shafin intanet sai ya tsayar da kai yana neman izinin tattara bayananka, amma na gwammace haka.

Sai na tuna yadda muke yi a gida. Ka sayi waya a kasuwa, yaron shago ne zai buɗe maka imel, shi zai zaɓi lambar sirri, ya danna "na yarda" a kan komai kana tsaye kana ƙirga kuɗi. Duk mai wannan lambar zai iya ganin inda wayar take kwana. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, abin yana hana ni barci. Mu ma muna da dokar kare bayanai tun 2023, amma a gidanmu wa ya taɓa jin ta?

Don Allah daren nan ka karɓi wayar Inna ka canza lambar sirrin, ka kashe tarihin wurare, sannan ka duba manhajojin da ke ganin inda take. Manhajar tocila ba ta da dalilin sanin gidanmu. In ka maƙale, kira ni bayan Isha'i mu bi tare.