Hayar babur zuwa kan tsauni da goyo: mashin ɗin ya yi, masu hayar ne da saura

Satin da ya wuce na cika wa uwargida alkawarin da na daɗe ina ja mata rai a kai, na yi hayar babban babur na yini guda na goya ta muka hau tsauni muka dawo, kusan kilomita 240 zuwa da dawowa. Ba zan kama sunan wurin hayar ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa su, amma duk mai niyyar irin wannan tafiyar da goyo ya daure ya karanta kafin a miƙa masa makulli.

Mashin ɗin da suka ba ni Suzuki V-Strom 650 ne, kuma gaskiya ban ga abin kushewa a jikinsa ba. Injin 645cc ne mai silinda biyu, giya 6, tanki lita 20, mun je mun dawo ban ƙara mai ba kuma da saura. Abin da ya fi burge ni shi ne yana da ƙarfi tun daga ƙasa, ba sai ka yi ta murɗa totur yana ihu ba, a giya ta uku sai ya ɗauke mu mu biyu da jakarmu ya haura kamar ba komai. Kujerar baya tana da faɗi, akwai ƙarfen riƙewa hagu da dama, ga akwati a baya da mutum zai jingina. Sai dai fa dogo ne, kujerar ta kai wajen santimita 83 daga ƙasa, nauyinsa kuma ya haura kilo 210 kafin ma kowa ya hau, to idan kai ma irina ne ba dogo ba, lokacin da goyo zai hau ka tabbata ka dasa ƙafa biyu ka kama birkin gaba tukuna ka ce bismillah hau. Karon farko ta taka ta hau ban shirya ba, saura kaɗan mu kwanta a gaban shagon mutane tun ba a je ko'ina ba.

Toh ga inda suka ɓata min rai. Tun a waya na faɗa musu mu biyu ne, na sake faɗa da muka iso, ga ta ma tsaye suna kallonta, amma mashin ɗin a saitin mutum ɗaya suka ba ni shi. Yaron da ya fito da shi ya nuna min hon da sigina da inda ake buɗe tanki, abin da ko ɗan koyo ya sani, ya ce oga komai normal. A miƙaƙƙen titi ban ji komai ba, sai da muka fara shiga kwana na ji bayan yana lilo kamar kwalekwale, gaban kuma ya yi sakayau, ka karya kai sai mashin ɗin ya yi kamar yana shawara kafin ya bi. Na tsaya a wani gidan mai na duba sitikar da ke jikinsa, a rubuce ƙarara: mutum ɗaya iskar tayar gaba 33 ta baya 36 a ma'aunin psi, da goyo ta baya 41. Na sa geji a tayar baya, ko 36 ɗin ma ba ta kai ba. Na ƙara iska, sannan na murɗa abin ɗaure shokozoba na baya, wanda a wannan mashin ɗin ɗan mamurɗi ne a gefe da hannu ake juya shi ko sifana ba ka buƙata, wlh aikin minti biyar bai cika ba. Muna tashi kamar an canza min babur. Bayan ya ɗago, nauyi ya koma kan tayar gaba, kwana ta zama abin marmari. Wannan aikin nasu ne ba nawa ba, kuma wanda bai san da shi ba haka zai yi ta fama yini guda yana zaton shi ne bai iya tuƙi ba ko kuma ya ɗora wa na baya laifi.

Hular kwanon da suka ba ta ma ta yi mata yawa, ta girgiza kai sai hular ta tsaya kanta ya juya a ciki, gilashin kuma duk ya karce. Sai da na dage aka shiga ciki aka lalubo ƙarama. Hular da ba ta kama kai ba ado ce kawai. Na'urar magana da ke jikin hulunan kuwa kafin rana ta take cajinta ya ƙare, muka koma bugun kafaɗa, sau ɗaya rage gudu, sau biyu tsaya.

Amma hanyar, kai jama'a. A nan dole in yaba musu don su suka zana mana ita a taswira, suka ce mu bar babban titi mu bi tsohuwar hanya mai kwana-kwana, kuma shawarar ta yi. Tana farawa a hankali cikin bishiyoyi kana jin sanyin inuwa a wuyan hannu, can sai bishiyoyin su fara raguwa dutse ya fito tsirara a hannun dama, a hagu kuma babu komai sai ƙarfen kariya da kwari mai zurfin da idan ka leƙa motocin ƙasa kamar ƙwaro suke. Akwai wani wuri da muka karya kwana kawai sai ga gajimare a ƙasanmu, mu muna sama shi yana kwance cikin kwarin kamar an baza auduga, ta buga min kafaɗa sau biyu da ƙarfin da na ɗauka wani abu ne ya faɗi, ashe so take a tsaya ta kalla. Mun fi minti 20 a wurin ba wanda ya ce uffan, ba ka jin komai sai iska da ƙas-ƙas ɗin salansa tana hucewa. Ni dama rabin kyan wurin ya wuce ni tunda idona yana kan kwalta da tsakuwar da ke zubowa daga jikin dutse ta taru daidai tsakiyar kwana, ita ce ta ga ruwan da ke gangarowa, ita ta ga tsuntsayen, da muka tsaya take ba ni labari kamar ba tare muka zo ba.

Sanyi kuma ba su gargaɗe mu ba. Duk mita 1,000 da ka haura zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, mu kuwa mun haura wajen mita 1,500, ka ga kusan digiri 10 kenan, ga iskar gudu a kai. A ƙasa gumi muke, a sama haƙoranta suna haɗuwa. Allah ya taimake ni na cusa rigar sanyi ɗaya a akwati, ita ta sa, ni na yi ta maza. Shi ma injin ya ɗan yi laushi a can sama saboda iskar ba ta da kauri, ba laifinsa bane, duk injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, haka yake.

Hawa wasa ne, gangara ce aikin. Nauyin mutum biyu yana tura ka, idan ka kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa zai yi zafi, man birki idan ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa ka matsa ka ji fanko. Na sa giya ta biyu wani wurin ta uku na bar injin yana riƙe mu, birki sai daf da kwana, in taɓa na baya kaɗan don mashin ɗin ya zauna. Duk da haka sau uku hularta tana ƙwal da tawa, a na ukun na ji muryarta ta cikin iska tana cewa yallaɓai kai ne da birki ko birki ne da kai. Daga nan na gyara hannu. Ita ma zuwa lokacin ta gane karatun, ta daina miƙewa idan mashin ya kwanta, sai ta leƙa ta kafaɗata ta ɓangaren da muke juyawa, ta matse gwiwa idan na rage gudu, ƙafa kuma ba ta sauke daga matakin ko mun tsaya. Shawarata a nan a riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya ko ba a gaji ba, na baya ya fi na gaba jin jiki kuma ba lallai ya faɗa ba, wani don kunya wani don kar a ce ya ɓata tafiya.

Idan maki zan bayar, mashin 5 cikin 5, hanyar da suka zaɓa mana 5, karɓar baƙi da saurin takarda 4, shirya wa goyo kuwa 2 ma na yi kara. Zan koma wurinsu, amma da gejin tayata a aljihu da hular da muka gwada tun daga gida. Da muka mayar da makulli na yi wa mai wurin bayanin iskar da shokozoban, ya saurara tsakani da Allah, ya ba da haƙuri ya ce zai yi wa yaran magana. Muna fita na waiwaya na hango yaron nan durƙushe a gefen mashin ɗin yana sassauta mamurɗin yana mayar da shi inda yake da safe, ga wasu mutum biyu tsaye da huluna a hannu suna tambayar na gobe.