Makarantar koyon tuƙin da na shiga ina da shekara 47

Motar marigayi mijina ta shekara biyu a ƙarƙashin tamfol a gidanmu da ke Sharaɗa. Da aka zo rabon gado sai ta faɗo cikin tumunina, kuma tun daga ranar kowa ya samu abin cewa a kanta. Yayana ya ce a sayar a saya mini fili. Babban ɗana ya ce in ba shi ya riƙa kai ni unguwa, wato in koma jiran yaron da na goya kafin in je dubiya. Wata Asabar na fito daga Kantin Kwari da ƙunshin atamfofin da nake sarowa, na fi rabin awa a rana ina tsayar da adaidaita, duk wanda ya ji Sharaɗa da kaya sai ya yanka mini kuɗi kamar Wudil zai kai ni. Ranar Litinin na je wata makarantar koyon tuƙi a wajen titin Gidan Zoo na yi rajista. Ban yi shawara da kowa ba.

Yarinyar da ke kan tebur ta miƙo mini fom, ta karɓi hotuna da kuɗi, ta tambayi safe nake so ko yamma. Shi ke nan. Ina tsaye ina jiran ta ce "Maigida ya sani?", har na tanadi amsa, ba ta tambaya ba. Shekara 26 na yi a ɗakin aure, kafin nan gidan Baba, don haka sai da na ɗan daburce da aka bar mini zaɓin.

Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne, tsohon direban motar haya, kuma saboda shi nake wannan rubutun. Da mota mai giyar hannu yake koyarwa, ya ce wanda ya iya ta, otomatik wasan yara ce. Motar tana da birki na biyu a ɓangarensa, abin da ya kwantar mini da hankali ke nan. Makon farko a layukan kamfanoni na Sharaɗa muka yi shi da sassafe, kuloci da totur kawai, ina kashe mota ina tayarwa. Mako na uku ya fito da ni titi. A wata danja, da ta ba mu hannu, na saki kuloci da sauri, mota ta yi tsalle ta mutu. Nan take 'yan adaidaita suka cika ni da hon, wani ya leƙo yana cewa "Hajiya, ki koma gida ki ɗauki direba mana!" Hannuna na rawa a kan sitiyari, gumi ya jiƙa mini hijabi. Malam ko waiwaya bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, titin nan ba gadon ubansu ba ne. Taka kuloci, ki mayar da ita fri, ki tayar a hankali." Bai karɓi tuƙin ba, ni ce na fitar da mu daga wurin.

Ba wai ba su da matsala ba. Motocinsu biyu ne kacal, sau da yawa mu uku ake zubawa a ɗaya, awar da aka yi maka alkawari ta koma minti ashirin. Iyakwandishan ba ya aiki, ga zafin Afrilu. Sannan sai da na biya kuɗin makaranta cif aka ce akwai na mai daban, wai tunda aka cire tallafi a 2023 haka suke yi. To, ai sai a faɗa tun a tebur. Kuma ba su da malama mace ko ɗaya. Ni bai dame ni ba, amma na san matan da wannan kaɗai zai hana a bar su su je.

Wadda za ta je, ko nan ko wani wurin, ta fara tambaya ko makarantar tana da rajista da hukumar kiyaye haɗurra, don da takardar shaidarsu ake neman sabon lasisi, sannan gwajin VIO, wato jami'an duba motoci, da ɗaukar hoto da zanen yatsu. Nan sun yi mini wannan ba tare da ja mini rai ba.

Ranar da na karɓi lasisin wucin gadi na tuƙa kaina har Gwammaja, gidan Yaya. Ya fito yana kallon motar, yana kallona. "Ke kika tuƙo ta?" Na ce "Ni ce, Yaya." Ya zagaya ya duba bamba, ya ga inda na goga a ƙofar gida, ya ce har yanzu shawararsa fili. Da zan tafi kuma ya ce tunda hanyata ce in sauke shi a Ƙofar Mazugal. Ribas dai har yau yana ba ni wuya, shi ya sa in na je Kwari nake ajiye ta can nesa in ƙarasa a ƙafa.