Gargaɗi ga masu sababbin motocin a-kori-kura: damfarar "motarka ba ta caji"

Akwai wata damfara da ake yi wa masu sababbin motocin a-kori-kura, musamman waɗanda injinsu ke da ɗan tallafin lantarki mai volt 48, kuma jarin masu yin ta bai wuce ƙaramar mitar auna wuta da wata tsohuwar ƙa'ida da kusan kowane direba ya haddace ba. Ƙa'idar ita ce, idan inji yana aiki, dole ne mita ta nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4 a kan batir, in kuwa ta nuna ƙasa da haka to altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ta mutu. Wannan magana gaskiya ce a kan tsofaffin motoci, amma ba ta hau kan motocin da ake ƙerawa yanzu ba, kuma wannan giɓin da ke tsakanin tsohon sani da sabuwar ƙira shi ne inda ɗan damfara yake cin abincinsa.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Mai mota zai kai ta a canza mata mai ko a duba wani ƙaramin abu, sai wani da ke kiran kansa mai wayarin ya ɗora mita a kan batir ba tare da an tambaye shi ba, ya nuna masa lamba kamar 12.8 ko 13.1, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan motar ba ta caji, idan ka hau titi da ita yau za ta ajiye ka a daji." Daga nan sai lissafi ya fara: sabon batir, gyaran altaneta, wani lokaci har da wani ɗan akwati da za a ce yana "daidaita wuta". Mutumin da ke shirin doguwar tafiya da iyali ba ya son gardama a irin wannan lokaci, saboda haka yakan biya.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne cewa yawancin motocin nan masu volt 48 ba su da altaneta irin wadda aka saba gani. A ɗauki Ram 1500 mai tsarin tallafin lantarki da ake kira eTorque, wanda ya fara da ƙirar shekarar 2019, kuma yana cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka bayan an yi amfani da su. A gurbin altaneta akwai wata na'ura da bel ke juyawa, wadda ke aiki biyu: tana samar da wuta mai volt 48, sannan tana taimaka wa inji wajen tashi daga tsaye da kuma sake tayar da shi idan ya mutu da kansa a kan danja. Wutar da ta samar tana zuwa wani ƙaramin batirin litiyam mai ƙarfin awa-wat 430 da ke manne a bangon bayan kujerar baya, kuma a cikin akwatin batirin nan ne ake da na'urar sauya wuta mai kilowat 3, wadda ke rage volt 48 zuwa abin da batirin volt 12 ke buƙata. A kan injin V6 mai lita 3.6 tsarin yana zuwa ne tare da motar, a kan V8 mai lita 5.7 kuwa zaɓi ne a shekarun farko, don haka akwai Ram masu V8 da suke da altaneta ta gargajiya, kuma wajibi ne mai mota ya tabbatar da wacce ce tasa kafin ya saurari kowa. Hilux mai volt 48, wadda Toyota ta fara sayarwa a 2024 da injin dizal mai lita 2.8, ita ma haka take: batirinta na litiyam yana ƙarƙashin kujerar baya, nauyinsa kilo 7.6, kuma na'urar sauya wuta ce ke ciyar da ɓangaren volt 12. Duk wanda ya ce zai kwance altanetar irin wannan mota ya naɗa mata sabuwar waya, ko dai bai san motar ba ko kuma ya san abin da yake nufi da aljihunka.

Na biyu kuma, kwamfutar motar ce ke yanke yawan cajin da za a ba batir a kowane lokaci, ba lamba ɗaya ce aka kafe ba. A irin waɗannan motoci galibi akwai ƙaramin ma'auni a kan ƙafar batir ta baƙar waya, wanda ke sanar da kwamfuta yawan wutar da ke shiga da fita, da zafin batirin, da kuma yadda ya cika. Idan an tayar da mota da safe, ko batir ya yi ƙasa, ana iya ganin volt 14 da ɗoriya, wani lokaci har kusa da 15. Idan ya cika, kwamfuta tana sassauta cajin ya sauko wajen 13 ko ma ƙasa kaɗan, domin a rage wa inji nauyi a kuma tsawaita ran batirin. Zafi ma yana da tasiri, domin batirin darma, wato na volt 12, yana buƙatar ƙarancin volt idan ya yi zafi, in ba haka ba sai ya riƙa ƙonewa yana bushewa. Ke nan motar da aka auna da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, bayan ta yi doguwar tafiya batirinta ya cika, tana iya nuna lambar da ta fi ta sanyin hunturu ƙanƙanta, alhali lafiyarta lau.

Mafi muni a cikin dabarun shi ne wanda ake yi da ma'aunin nan na ƙafar batir. A motoci da dama, idan aka zare filoginsa, kwamfuta takan rasa bayanin da take dogara da shi, sai ta koma ba da caji a kan lamba ɗaya tsayayya da ke kusa da 14. Ɗan damfara ya san haka. Zai ce a ba shi awa biyu, ya zare filogin ya ɓoye shi a ƙarƙashin wayoyi, sannan ya kira mai mota ya nuna masa mita tana karanta 14, ya karɓi kuɗin "gyara" har da na kayan da bai saya ba. Mai mota zai tafi yana godiya, bai san an kashe masa tsarin da ke kula da batirinsa ba, kuma sau da yawa daga ranar ne injin ke daina mutuwa da tashi da kansa a kan danja. Idan ya dawo da wannan ƙorafin, sai a buɗe masa sabon lissafi. A ganina wannan ya fi satar kuɗi kawai, domin an karɓi lada ne a kan lalata abin da yake lafiya.

Sai kuma batun batirin da ake sayarwa. Motocin da injinsu ke mutuwa yana tashi a kai a kai galibi suna zuwa da batir nau'in AGM ko EFB, waɗanda aka ƙera don jure yawan caji da saukewa, kuma sun fi na ruwa tsada. Akan wanke tsohon batir na ruwa, a manna masa sabuwar takarda mai rubutun AGM, a sayar da shi a farashin sabo, sannan a riƙe na asalin da aka cire daga motar da sunan ya mutu, a sayar wa wani. An ci riba sau biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Su kuwa ƙananan akwatunan da ake tallatawa a Facebook da TikTok, waɗanda ake sokawa a ramin kunna sigari ana cewa suna daidaita wuta suna rage shan mai, waɗanda suka fasa su abin da suke tararwa bai wuce ƙaramar fitila da ɗan abin tara wuta ba, kuma babu yadda za a yi su sauya umarnin da kwamfutar mota ke bayarwa.

Wannan ba yana nufin tsarin ba ya lalacewa ba, yana lalacewa, kuma gyaransa ba arha ba ne. Haka nan ba duk bakaniken da ya faɗi tsohuwar ƙa'ida ne macuci ba, akwai masu gaskiya da suka koyi aiki a kan Peugeot 504 da tsohuwar Hilux, kuma abin da suka sani ne suke faɗa. Bambancin yana fitowa ne idan aka nemi hujja. Matsala ta gaske tana da alamunta: fitilar batir ta kama a gaban direba ko saƙon gargaɗi ya fito, wuta ta riƙa sauka ƙasa da volt 12 tana ci gaba da raguwa alhali mota tana tafiya, ko kuma ta haura 15 sosai ta ƙi saukowa. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gaban mai wayarin: a bar inji yana aiki, a kunna manyan fitilu da fankar na'urar sanyaya ɗaki, a zuba wa mita ido na 'yan mintuna. Idan tsarin yana da lafiya, lambar za ta tsaya ko ma ta ɗan ɗaga, ba za ta riƙa zamewa ƙasa ba. Shi kuma batirin, ana auna shi ne bayan mota ta huta na awanni, inda cikakke yake nuna wajen 12.6 zuwa 12.8, sannan a gwada ƙarfin tayar da injinsa da na'urar gwajin batir, a kwatanta da lambar da ke rubuce a jikinsa.

Kada a yarda a kwance komai kafin a haɗa kwamfutar bincike a karanto lambobin matsala daga ɓangaren tallafin lantarkin, kuma mai mota ya ɗauki hoton abin da ta nuna da wayarsa. Kafin a bar mota a gareji, a ɗauki hoton kan batir da filogin ma'aunin da kuma lambar da ke jikin batirin, a kuma faɗa tun farko cewa duk abin da aka cire za a tafi da shi gida. Batirin volt 48 da ke bayan kujera ko ƙarƙashinta ba wurin gwaji ba ne: ko da yake volt 48 bai kai na manyan motocin lantarki haɗarin jan mutum ba, idan wayoyinsa suka haɗu yana iya tayar da gobara a cikin mota, saboda haka wanda ya ce zai buɗe shi ya "ƙara masa caji" da cajar bakin titi, a ɗauke motar daga hannunsa a nemi ra'ayin wani gareji mai kayan bincike.