Bududdugin tabkunanmu da ɗan'uwansa na Indiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwaɗin nan masu ruwan ɗorawa da ka gani a bidiyon Indiya su ne irin bududdugin da ke cika tabkunan Damagaram da damina. Dangi ɗaya ne, amma kowa da gidansa. Masana na kiran zuriyar Hoplobatrachus: namu occipitalis, nasu tigerinus.

Namu kore ne mai duhu, da ɗigo-ɗigo a baya. In ka kama shi ka duba bayan idanunsa, za ka ga wata tsaga ta ratsa kan daga gefe zuwa gefe. Ita ce shaidarsa. Na Indiya ya ɗan fi girma, kuma ɗorawar nan ta namiji ce kawai, lokacin barbara, tare da jakar kuka shuɗiya a maƙoshi. Barbara na wucewa sai ya koma kalarsa. Dukansu ba sa nisa da ruwa, kuma 'ya'yansu na cin tsutsar sauro da 'ya'yan wasu kwaɗi.

Inda suka rabu sosai shi ne wajen kariya. Indiya ta daɗe tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, har suka yi ƙaranci a gonakin shinkafa, manoma suka shiga kukan ƙwari. A 1985 aka sa na Indiya cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, a 1987 kuma gwamnati ta hana fitar da shi.

Namu ba ya cikin wannan jerin. Ana kama shi da dare da tocila, a kyafe ko a shanya, a ɗura a buhu zuwa kasuwannin kudancin Najeriya, daga Nijar da Benin. A lissafin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, dukansu biyu ba su shiga haɗarin ƙarewa ba, gaskiya ne. Amma lissafin duniya ne wannan, ba ya gaya maka halin da tabki ɗaya ke ciki a Gidimuni ko Lasuri.

Abin da ya fi damuna kamun rani ne. Ruwa ya janye, kwaɗin sun taru a ɗan kududdufin da ya rage, mutum ɗaya sai ya kwashe iyayen da za su yi ƙwai bana. Ga maganin feshin lambu da ke gangarawa ruwa. Da masu kamu da ma'aikatan gandun daji za su yarda a bar waɗannan kududdufai har ruwan farko ya sauka, da an rage ɓarnar ba tare da an hana kowa sana'arsa ba.