Na'urar sauti mai auna gogayyar ruwa da bango: wata uku ina aiki da ita

Na daɗe ina fama da bututun Preston, wani ɗan siririn bututu mai auna matsin ruwa da ake kwantarwa a jikin bango, dabarar da aka san ta tun 1954, wajen auna yadda ruwa mai hargitsi ke gogar bangon bututu. Yana aiki, amma matsakaicin ƙarfi kawai yake ba ka, kuma shi kansa yana cikin ruwan, yana taɓa tafiyarsa.

Wannan na'urar kuwa a bayan bango nake manna ta. Tana harba sautin da kunne ba ya ji, ya bugi ƙananan ƙwayoyin da na zuba a ruwa, ya dawo. Daga canjin sautin ake gane gudun ruwan, daga nan a lissafa gogayyar. Ranar farko da na ga layin awon yana tsalle a allon kwamfuta, sai da na manta da shayina.

Aibinta? Dab da bango, inda aka fi buƙatarta, amsa-kuwwar bangon na danne ta ƙwayoyin. Kumfa ɗaya ta maƙale, aikin awa ya tashi a banza. Ga zafi: sauti na gudun kusan mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwa, kuma gudun yana ƙaruwa in ruwan ya ɗumama; da gudun nan ake lissafin, don haka kullum ma'aunin zafi na gefena. Bututun Preston dai ban jefar ba, da shi nake gwada gaskiyarta.