Lesin ɗin Matron na Fadaman Mada: aikin hannu sai ita, takardunta kuwa a yi hattara

Tun da sakamakon jarrabawar Kansil, wato majalisar da ke ba nas lasisin aiki, ya fito, ƙannenmu ɗaliban jinya 'yan aji huɗu suke ta turo mini tambaya iri ɗaya: "Anti, lesin ɗin nan na Fadaman Mada ya ci kuɗinsa?" Ɓangaren aikin hannu ya ci har da ƙari. Ɓangaren tambayoyin kwamfuta kuwa ina da magana a kai. Bari in zube komai a nan, in huta da maimaitawa.

Ga wanda bai san wurin ba, wata dattijuwa ce, tsohuwar matron da ta yi ritaya bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta a asibitocin gwamnati a nan Bauchi. Ta mayar da garejin gidanta da falo ɗaya wurin shirya ɗaliban jinya. Babu allo a ƙofa, babu talla a Facebook, baki da baki ake jin labarinta. Kowa Mama yake ce mata. Daga Wunti keke ɗaya zai kai ka har bakin layin. Lokacin da na yi, naira 25,000 ne a wata, Asabar da Lahadi daga safe zuwa azahar, sai yammacin Laraba. 'Yan digiri ne da 'yan kwalejin jinya masu yin ND da HND a cakuɗe, maza da mata.

Mama ba ta karɓar kuɗin kowa sai ta titsiye shi da tambayoyi. Kana da lambar indeks, wato lambar rajistar ɗalibi daga Kansil? Akwai kwantan darasi a kanka? Littafin fostin ɗinka, wato na aikin koyo a asibiti, ya cika da sa hannu? Wasu suna jin haushin wannan binciken, suna ganin mai lesin ina ruwanta. Ni ina ganin nan ne ta fara yi wa mutum aiki, domin ɗalibin jinya bawan iyayengiji biyu ne. Jami'a ce ke ba da digiri, shekara biyar ga wanda ya shigo ta JAMB, huɗu ga nas mai lasisi da ya shigo kai tsaye aji biyu. Lasisin aiki kuwa yana hannun Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wato Kansil. Ko da makinka na jami'a ya haura 4.50, ba ka da ikon tsayawa a gefen gadon majinyaci a matsayin nas sai ta amince.

Kuma ita jarrabawar Kansil ba kamar WAEC ta 'yan waje ba ce da mutum zai je shagon kwamfuta ya yi wa kansa rajista. Makarantarka ce ke gabatar da kai. A sashenmu makin cin darussan jinya 50 ne, ba 40 ba, saboda haka mai 49 a ilimin magunguna ya faɗi ke nan, ko da abokinsa na wani sashe ya wuce da 42 yana dariya. Ranakun fostin da ka tsallake sai ka rama su. Sannan akwai jarrabawar share fage da sashe ke yi da kansa don tace waɗanda zai tura, tunda babu makarantar da ke son sunanta ya fito da tarin faɗuwa. Jarrabawar Kansil ta babban aikin jinya sau biyu ake yi a shekara, Mayu da Nuwamba. Wanda ya rasa ɗaya, wata shida ya tafi masa, kuma duk abin da ke biye ya ja baya: ta ungozoma a aji biyar, shekarar horon aiki a asibiti, hidimar ƙasa.

A gabana wani yaro ya miƙa kuɗinsa, da tambaya ta yi tambaya ya ce saura darasi ɗaya na aji uku bai share ba, amma ana cewa za a duba masa. Mama ta tura masa kuɗin baya a kan tebur. "Ɗana, je ka biya bashin da jami'a ke bin ka tukuna. Ƙofata tana nan." Masu lesin nawa ne za su yi haka?

Yanzu ga inda kuɗi ya halatta. A garejin akwai gadon asibiti na gaske, tsoho mai hannun juyawa, da mutum-mutumin roba babba da na jariri, da turoli biyu, da tire-tire, da almakasai da hantsaki, da abin awon jini irin na hannu, ba mai batir ba. Ta jera wurin tasha-tasha yadda ake yi a jarrabawar aikin hannu, OSCE, ta rataya ƙararrawa. Ana kaɗawa ka shiga, ka karanta umarnin da ke manne, ka yi aiki cikin 'yan mintoci, a sake kaɗawa ka matsa gaba ko ka gama ko ba ka gama ba. Ita kuma tana tsaye da takardar maki, ba uhm ba uhm-uhm, fuska a murtuke. Sai ka ji kanka kamar amarya ranar da aka fara sa ta girki a gidan surukai. Da gangan take yi, domin haka masu jarrabawa suke, kuma wannan shirun ne yake sa hannu rawa.

Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne yadda ta nuna mana inda maki yake zubewa. Yawancinmu mun iya wanke ciwo, mun yi a fostin. Amma a can mun kwashi gajerun hanyoyin da ma'aikata ke bi saboda cunkoso, nas ɗaya majinyata cike da ɗaki. Takardar maki ba ta san cunkoso ba. Ka yi sallama? Ka faɗi sunanka? Ka tabbatar da sunan majinyaci? Ka yi masa bayani ya amince? Ka ja labule? Ka wanke hannu kafin ka sa safa? Duk wannan kafin ka taɓa ciwon. Saman turoli na kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ne kawai, sauran tarkace a ƙasa. Auduga ɗaya shafa ɗaya, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, ka yar, kar ka dawo da ita. Ka gama ka gyara majinyaci, ka gode masa, ka rubuta abin da ka gani da abin da ka yi. In ka manta rubutun, za ta ɗago kai a karon farko ta ce, "Abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba," ta mayar da kai farko.

Ta kuma tilasta mana yi wa robar magana da baki, da ƙarfi. Da fari abin dariya ne, ƙato da gemu yana cewa ɗan tsana, "Baba, sannu da jiki, zan ɗan juya ka." Amma mai jarrabawa abin da ya ji ya kuma gani yake ba maki, ba abin da ke ranka ba.

Lissafin ƙarin ruwa ma a wurinta ya zauna mini. Ba ta yarda da waya ko na'urar lissafi. Ruwa mililita 500 zai shiga cikin awa 8, robar tana ba da ɗigo 20 a mililita ɗaya: ka ninka 500 da 20, ka raba da minti 480, ɗigo 21 ke nan a minti. Sai ta ce ka je ka saita a robar gaske, kana kallon agogo kana ƙirgawa, ruwan yana ɗiga cikin bokiti. Sai ta canza maka robar yara mai ɗigo 60 ba tare da ta gaya maka ba, ta ga ko za ka duba ledar.

Akwai kuma taimakon da ba ya cikin kuɗi. In ka kawo mata rahoton kula da majinyaci, wanda dole ne kowa ya rubuta ya kuma kare shi a baki, za ta karanta da jan biro. Wanda aka kwafo daga na 'yan shekarun baya, tana gane shi tun shafi na biyu. Tambaya ɗaya take yi: "Majinyacin nan naka, wa ke kawo masa abinci?" Wanda ya yi jinyar da gaske ya sani. Ta fi matsawa a kan jadawalin tsarin jinya, yadda matsalar da ka gano da burin da ka sa da aikin da ka yi da sakamakon za su bi juna, ba ka rubuta matsalar numfashi sannan ka auna nasara da yawan fitsari ba. Rubuta wa mutum kuwa ba ta yi, ko nawa za a ba ta.

To, sai takardun tambayoyi. Lokacin da na yi, ana sayar da wani ƙunshi mai kauri naira 4,000, tambayoyin zaɓi da amsoshinsu, hoton hoton hoto, wani shafin ma da ƙyar ake karantawa. Matsalar ba dishi-dishin ba ce kaɗai, wasu amsoshin sun tsufa. Na ga inda aka ce farfaɗo da babba danna ƙirji 15 ne da hura iska 2, alhali tun 2005 aka koma 30 da 2, kuma tun 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa danna ƙirji a gaba kafin buɗe hanyar iska. A jadawalin rigakafin yara har yanzu DPT ce a rubuce, allurar da Najeriya ta fara maye gurbinta da Penta a 2012. Rigakafin gudawa na Rota da ya shigo a 2022 babu shi ko kaɗan. Duk wanda ya yi fostin a asibitin sha-ka-tafi ranar rigakafi zai gane, amma mai haddacewa ido rufe zai kwashi kuskure ya kai ɗakin jarrabawa.

Abin mamaki, ita Mama a aikace sabon tsarin take koyarwa. Takardun ne ba ta bi ta kansu ba, wani ɗan'uwanta ne ke kula da wannan ɓangaren ranar Laraba, shi kuma karanta tambaya da amsa kawai yake yi. In ka ce me ya sa B ba C ba, sai ya ce haka yake a takarda. Da muka nuna mata ta karɓa, ta ce a gyara, amma har na bar wurin ƙunshin bai canza ba.

Kwamfutoci uku ne kacal, ɗaya ma linzaminta sai an lallaɓa. Jarrabawar rubutu ta Kansil yanzu a kwamfuta ake yi, kuma yarinyar da ba ta saba ba tana buƙatar ta zauna ta yi gwaji da agogo yana tafiya, ta koyi tsallake tambaya ta dawo. Wannan ba ya samuwa a nan. In wuta ta ɗauke, shi ke nan, janareton fanka kawai yake ja. Ni da ƙawayena biyu daina zuwa Laraba muka yi, muka riƙa haɗuwa a gidanmu da littattafan karatu da kwamfutar yayana.

Garejin kwano ne babu silin. Masu shirin Mayu su sani cewa Maris da Afrilu za su yi a ciki, kuma kowa ya san zafin Bauchi a wannan lokacin. A tafi da ruwa. In jarrabawa ta matso, mutane suna yin yawa har layi ya kan sa ka taɓa gadon sau ɗaya tak a yini, don haka gara a fara da wuri, wata uku kafin lokaci, sa'ad da wurin yake da sarari. Ba a shiga sai da farin kaya da takalmi rufaffe, farce a yanke, babu zobe babu awarwaro, hijabi kuma a soke shi yadda ba zai sauka a kan tire ba. Mai latti a waje yake tsayawa har a kaɗa ƙararrawa ta gaba, ko matar aure ce mai goyo.

Na tambaye ta ko za ta yarda mutum ya biya na Asabar da Lahadi kawai ya bar Laraba. Ta ce ba ta raba kuɗi, amma wanda ya zo ya yi mata magana da kansa za ta duba. Jarrabawar ungozoma a Maris da Satumba ake yi, kuma ta ce tana da ƙugun roba da takardun fatograf na bin diddigin naƙuda, sai dai ba ta buɗe ajin sai mutum goma sun taru. Mu 'yan aji biyar mun kai bakwai, duk mai so ya yi mini magana kafin ƙarshen wata.